'Yar Kinsella da Mai Busa Ƙaho

Tun da Dervla Kinsella ta fara waƙa a rumfar kwale-kwale, aikin gidan wanki ya daina yi mata nauyi. Tana tsaye a gaban injin guga daga takwas na safe har biyar na yamma, tana tura zannuwan gadon otal-otal ɗaya bayan ɗaya, tururi na dukan fuskarta, amma ita tana can wata duniya. A cikin ƙugin injin take jin ganga. A cikin tururin take hango fitilu ja da shuɗi, da kanta cikin doguwar riga, da wani siririn saurayi a gefenta ya lumshe ido yana busa ƙaho kamar da ita kaɗai yake magana.

Saurayin nan Lorcan Tierney ne. Kuma duk unguwar Ringsend an san cewa ba a ambaton sunan Tierney a gidan Kinsella.

Shekara goma sha uku da suka wuce 'yan dakon tashar jiragen ruwa suka yi yajin aiki na mako tara. Malachy Kinsella, mahaifin Dervla, yana cikin na gaba-gaba. A mako na bakwai amininsa Christy Tierney, wanda ya yi masa babban aboki ranar aurensa, ya sunkuyar da kai ya ratsa ta gabansu ya koma bakin aiki. Matar Christy na kwance a asibiti a lokacin, ga yara biyar a gida. Kowa ya san haka, amma ba a yafe masa ba. Tun daga ranar, ko a coci, su Kinsella suna dama can gaba, su Tierney suna hagu can baya kusa da ƙofa.

Lorcan ya shekara biyu ba aiki, kamar rabin samarin unguwar. Abin da ya mallaka a duniya ƙaho ne mai lotsattsen baki, da akwatin faya-fayan garmaho da wani kawunsa matuƙin jirgi ya bar masa, cike da waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka irin waɗanda ake kira sol. Su ya yi ta saurara har suka shiga jininsa. Ya jawo Mossie mai suyar kifi a shagon kan kwana ya ba shi ganga, ya jawo tagwayen gidan Boland da jitocinsu, suka sa wa kansu suna 'Yan Bakin Ruwa. Murya kaɗai suka rasa, sai ranar da ya ji Dervla ta yi waƙa a wata jana'iza.

Wata huɗu ke nan. A gida an ɗauka atisayen mawaƙan coci take zuwa.

Rumfar ta kawun Mossie ce, a bakin kogin Dodder, warin kwalta da na gishirin teku sun kama bangonta. Idan ruwa ya cika yakan leƙo ta ƙarƙashin ƙofa, sai sun ɗora lasifika a kan akwatunan kifi. Ranar Laraba da yamma suna tsakiyar waƙa Mossie ya ajiye sandunansa.

"Ke 'yar Kinsella, nan fa ba coci ba ne. Kina waƙa kamar Fada na tsaye a bayanki yana duba agogo."

"Kai kuma kana buga ganga kamar mai juya kifi a mai," in ji Dervla.

Tagwayen suka tuntsire da dariya, daga nan suka koma gardamarsu ta kullum a kan wanda ya ɓata sauti a cikinsu. Lorcan bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ita ya rage murya, ya ce mata masu waƙoƙin nan ma a coci suka fara, kuma yawancinsu 'yan masana'anta ne irinta. Ya ce ta manta da takardar waƙa. Ta yi ta kamar yammacin Juma'a ne, ƙafafunta na zogi, kuma akwai wanda take marmarin gani amma an hana ta.

Ta dube shi, ya dube ta. Ta rufe ido ta buɗe baki.

Abin da ya fito ita kanta ba ta san tana da shi ba. Muryar ta taso daga can ƙasan ƙirjinta, mai kauri, mai ɗumi, ta cika rumfar ta fita ta tsagin katako ta bi saman ruwa. Ƙahon Lorcan ya biyo ta a hankali, in ta hau ya tare ta, in ta sauko ya riga ta ƙasa. Ji ta yi kamar rufin ya yaye, kamar rumfar ta kwance daga ƙasa tana tafiya da su bisa kogi zuwa teku. Da ta buɗe ido, Mossie na share fuska da hannun rigarsa yana cewa hayaƙin man suya ne ya ɓata masa ido.

Ranar Asabar za su fara fitowa a bainar jama'a, a bikin bazara na ɗakin taron unguwa. Mossie da zumuɗi ya rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe ya manna a gilashin shagon kifi, da sunan kowa a jere. Na Dervla yana sama, na Lorcan yana ƙasansa.

Goggo Concepta, ƙanwar mahaifinta, ita ta fara gani. Ba ta ko jira kifin da ta je saya ba.

* * *

Ranar Alhamis da Dervla ta dawo daga aiki ta tarar da su a teburin cin abinci, dankali da kabeji sun huce a faranti ba wanda ya taɓa. Mahaifiyarta Nuala idonta ya yi ja. Goggo Concepta ta naɗe hannu a ƙirji da jakarta a kan cinya.

Malachy ba mai ɗaga murya ba ne. Ya tambaye ta ko gaskiya ne, ta ce gaskiya ne. Ya tambaye ta ko waƙar ce kaɗai, ta sunkuyar da kai, ya gane.

"Ban hana ki waƙa ba," ya ce. "Muryar uwata kika ɗauko, ni na fi kowa sani. Amma ranar da kika hau dandamali ɗaya da ɗan mutumin nan, to kin yi zaɓinki."

"Baba, shekararsa goma sha ɗaya a lokacin. Me ya yi maka?"

"Sunansa ya ishe ni."

Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita bayan gida wajen tattabarunsa.

Goggo Concepta ta ɗora daga inda ya tsaya. Ta ce yaron da ba shi da aiki ba shi da sana'a sai hura ƙarfe, me zai ciyar da mace, iska? Ta ce ga Fergal Devereux, ɗan mai shagon kujeru da gadaje, shekara biyu yana zarya da motarsa, yaro mai natsuwa wanda ba a taɓa ganinsa a tsaye a kan kwana ba. Ta ce 'yan matan unguwar nan da yawa za su bi ta kan gawar juna don su shiga motar nan.

"To ki shiga mana, Goggo, ai akwai wuri," in ji Dervla, hawaye na zubo mata.

Bayan Goggo ta fita a fusace, uwa da 'ya suka tsaya a wajen wanke-wanke. Nuala tana cuɗa faranti ɗaya tun ɗazu. Ta ba ta labarin makonnin nan tara, yadda suka sha shayi ba madara, yadda suka farfasa kujeru biyu suka sa a murhu don yara su ji ɗumi, yadda Malachy ya dawo ranar da Christy ya ratsa su ya zauna a matakala ya yi kuka kamar an aiko masa da mutuwa.

"Ba ƙiyayya ba ce, 'yata. Da ƙiyayya ce da tuni ta huce. Ya fi son mutumin nan a kan 'yan'uwansa na jini, shi ya sa."

"Mama, ni ina son ɗansa. Ya zan yi da raina?"

Nuala ta ajiye farantin ta rungume ta da jiƙaƙƙen hannu. Sai da kukan ya lafa ta gaya mata a hankali cewa an gayyaci Fergal cin abincin rana ranar Lahadi, kuma ya riga ya nemi izinin aurenta a wajen mahaifinta.

* * *

Ranar Juma'a ana yayyafi Fergal ya tsaya da motarsa a ƙofar gidan wanki. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsabta, mai goge gilashin motarsa da hankici, wanda bai taɓa makara ba a rayuwarsa. Ta shiga don ba ta da ƙarfin gardama.

Sun kusa gada ya ce akwai abin da ya dace ta sani. Ɗan goggonsa yana aiki a inda ake sayar da tikitin jirgin ruwa. Lorcan Tierney ya yanki tikitin Litinin da safe, na tafiya ba na dawowa ba. An samo masa aikin gini a Landan.

Dervla ta ƙura wa ruwan da ke gangarowa a gilashi ido.

"Ni ban iya waƙa ba, Dervla," in ji Fergal, idonsa a kan titi. "Ko rawa ban iya ba. Amma ina nan, kuma ba inda zan je."

Ta ce ya tsaya ta sauka.

Ta san inda za ta sami Lorcan. Doguwar katangar dutsen nan da ta miƙe cikin teku har zuwa jar hasumiyar fitila, can yake zuwa ya yi busa inda ba maƙwabcin da zai buga masa bango. Yayyafin ya ɗauke, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, teku ya koma kamar narkakkiyar azurfa ta dama da hagu. Tun daga nesa iska take kawo mata sautin ƙahon guntu-guntu.

Da ya gan ta ya sauke ƙahon. Fuskarta kaɗai ya kalla ya gane.

"Sai bayan Asabar na so in gaya miki," ya ce. "Ban so in ɓata miki waƙar ba."

"Waƙar? Waƙar kake tausayi, ba ni ba?"

"Dervla, shekara biyu ina layi duk Talata ina sa hannu don kuɗin tallafin marasa aiki kamar mai bara. Na gaji da kallon ƙafafuna in na haɗu da babanki a titi. Me zan ce masa? Ga ni, ɗan Christy Tierney, ba ni da ko sisi, a ba ni 'yarka?"

"Ka taɓa gwadawa?"

Ya zauna a kan dutse, ta zauna nesa da shi kaɗan. Can ya fara magana a hankali, irin maganarsa da kan sa ta manta da sanyi. Ya ce akwai ɗaki a unguwar Kilburn ta Landan wajen wani ɗan unguwarsu. Ya ce a can akwai gidajen rawa da ake neman murya irin tata, ba wanda ya san Kinsella, ba wanda ya san Tierney. Da rana ya ɗauki bulo, da yamma su yi waƙa. Ya ce zai iya yankar tikiti na biyu gobe.

Ta lumshe ido ta ga komai. Ta ga ƙaramin ɗakin da labule mai ruwan ƙwai, da buta a kan murhu, da ƙahon rataye a bango. Ta ga kanta a kan jirgi gashinta na tashi, hasumiyar nan tana ƙanƙancewa a bayansu. Daɗin abin ya kusa ɗauke ta.

Sai ta ga mahaifiyarta tsaye a wajen wanke-wanke ita kaɗai.

"Ba zan fita daga gidan ubana kamar ɓarauniya ba," ta ce. "In bi ka Landan, in bi ka ƙarshen duniya, duk zan iya. Amma ta ƙofar gaba, da rana tsaka. Ka zo ka ƙwanƙwasa, Lorcan. Ko korar ka zai yi, ka zo a kore ka, ni kuma in san ka zo."

"Zai rufe mini ƙofa a fuska."

"To ya rufe. Jibi Fergal zai zo da zobe. Ba zan karɓa ba, ko ka zo ko ba ka zo ba. Amma in ka hau jirgin nan ba ka taka ƙofarmu ba, kada ka rubuto mini wasiƙa."

Ya kama hannunta ya kifa goshinsa a kai, ta ji ɗumin hawayensa a bayan yatsunta. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Suka zauna a haka har wani babban jirgi ya wuce ta gabansu, igiyar ruwansa ta zo ta daki katangar.

* * *

Ranar Asabar ta saka shuɗiyar rigar da ta aro wajen wata abokiyar aikinta, ta sauko ta gaban mahaifinta. Bai ɗago daga jaridarsa ba.

Ƙarfe bakwai, rana na nan da sauranta a tagogin ɗakin taro. Tsofaffin mata sun jeru a bango da kofunan shayi, yara na zamiya a ƙasa, samari sun taru a baya suna jiran abin dariya. A waƙar farko lasifika ta yi ƙara har Fada ya toshe kunne, igiyar jitar ɗaya daga tagwayen ta tsinke, ɗan'uwansa ya zage shi ta makirufo kowa na ji.

A waƙa ta biyu Dervla ta rufe ido.

Ba ta san lokacin da surutu ya mutu ba. Ta dai ji ƙahon a gefenta, ta ji gangar Mossie a tafin ƙafarta, ta ji ɗakin gaba ɗaya yana numfashi tare da ita. Matan gidan wanki ne suka fara shiga fili, sai 'yan dako da matansu, har tsofaffin bango suka ajiye kofuna. Mutanen da suka wuni a layin neman aiki suna juyi kamar ba su da wata damuwa a duniya.

Da ta buɗe ido ta nemi mahaifinta, ba ya nan. A bakin ƙofa kuwa wani tsoho ne tsaye shi kaɗai, rabin jikinsa a waje, mutane sun bar fili tsakaninsu da shi. Christy Tierney. Yana kallon ɗansa, yana kallonta, ya daɗe a haka. Kafin waƙar ta ƙare ya juya ya fita.

Washegari da safe Malachy ya zuba wa kowa shayi ya tsallake kofinta.

* * *

Ƙarfe ɗaya Fergal ya iso da furanni na Nuala, aljihun kwat ɗinsa ya ɗan yi tudu. Goggo Concepta ta zaunar da shi kusa da Dervla tana ta tura masa gasasshen dankali. Dervla ba ta ɗanɗana komai ba. Kunnenta yana titi. Kowane taku sai zuciyarta ta tsinke, kowane taku kuma sai ya wuce.

An kwashe faranti. Fergal ya gyara murya ya kai hannu aljihu.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Dervla ta miƙe, amma mahaifinta ya riga ta. Ta bi bayansa ta tsaya a gindin matakala. Ya buɗe.

Ba Lorcan ba ne. Christy Tierney ne, cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, hularsa a hannu yana murza bakinta. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Can baya a bakin ƙyauren waya Lorcan na tsaye da aron laktaye, fuskarsa fara fat. Labulayen maƙwabta duk sun motsa.

"Malachy," in ji tsohon. "Yaron ya ce zai zo shi kaɗai, na ce a'a. Ni na yi laifin, ni ya kamata a rufe wa ƙofa. Na yi abin da na yi, kuma da za a maimaita ban san ko zan iya yin wani abu dabam ba. Amma jiya na ji 'yarka. Kada ka sa su biya abin da ba su ci ba."

Malachy bai motsa ba. Hannunsa na kan ƙofar, Dervla tana ganin jijiyoyin bayan hannun sun tashi. Nuala ta fito daga kicin ta toshe baki da tsumman goge faranti. Fergal na tsaye a bayanta da ƙaramin akwati a tafin hannu, ya rasa inda zai sa shi.



Malachy ya dubi tsohon abokinsa daga furfurar kansa har ƙasa. Can ya ja da baya taku ɗaya.

"Goge takalminka. Jiya Nuala ta wanke ƙasan."

Lorcan ya tura ƙyauren zai biyo baya. Malachy ya ɗaga yatsa ba tare da ya dube shi ba.

"Kai kaɗai, Christy. Yaron ya jira a waje."

Tsofaffin biyu suka shiga falo, ƙofar ta rufe a bayansu, aka ji an murza makulli. Dervla ta lallaɓa tagar gaba. Lorcan ya ɗago ya dube ta, idonsa cike da tambaya. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, ta motsa leɓɓanta ba sauti.

"Jira."